Yanka Layi a Mararraba: Ribarsa da Ɓarnarsa a Taswirar Daura

Duk direban da ya saba bin hanyar Kano zuwa Kazaure, ya ratsa Daura ya nufi Kwangwalam, ya san inda hanyar Katsina da ta Zango suka haɗe da ita. Kwamfuta ba ta da wannan sanin. A taswirar da aka zana da layuka da ɗigogi, layi biyu kan gitta juna ba tare da wata alaƙa tsakaninsu ba. Sai an yanka kowanne daidai kan mararrabar, an dasa ɗigon da suka yi tarayya a kansa, sannan manhaja ta yarda cewa mota za ta iya karya kwana daga wannan zuwa wancan.

Wannan ɗan aikin ya zama ruwan dare a 'yan shekarun nan saboda tambayar da ake yi wa taswira ta sauya. Lokacin yaƙi da cutar shan inna, daga wajen 2012, an zana garuruwa da rugagen Arewa daga hoton tauraron ɗan'adam, ana bin sawun masu rigakafi da wayoyi, kuma ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano na cikin masu aikin. Abin da ake nema a lokacin shi ne inda ƙauye yake. Yau kuwa ana son sanin minti nawa mai naƙuda za ta yi daga wani ƙauyen Baure ko Sandamu kafin ta iso asibiti a Daura, kuma wannan lissafi ba ya yiwuwa sai an tsara hanyoyi gaɓa-gaɓa. Kayan aikin ma sun yi araha. Manhajar QGIS kyauta ce, taswirar OpenStreetMap da aka kafa a 2004 ita ma haka, kuma umarni ɗaya a manhajar GRASS ya isa ya yanka layukan masarautar Daura duka.

Sauƙin nan shi ne inda gizo ke saƙar. Manhaja tana yanka ne duk inda ta ga layi ya hau layi, ba ruwanta da me ke sama me ke ƙasa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ya biyo ta Daura. In aka zuba shi a faifai ɗaya da tituna aka yanka, taswira za ta ƙirƙiro mararrabar da mota za ta sauka daga kwalta ta hau dogo. Haka wayoyin lantarki: babbar waya kan bi ta saman ƙarama ba su taɓa juna ba, amma bayan yankan sai lissafi ya nuna wuta na ratsawa tsakaninsu. OpenStreetMap tana da alamar gada da ta hawa, sai dai ba kowa ke tace su kafin ya danna ba.

A ganina ɓarnar da ta fi yawa tana cikin tsohon gari, a lungunan da ke tsakanin fadar Sarki da rijiyar Kusugu. Mai zane kan bar layin lungu bai kai bakin titi ba da mita ɗaya ko biyu, sai a umarci manhaja ta jawo duk bakin layin da ke kusa ta liƙa. A sa tazarar ta yi kaɗan, unguwa guda ta yanke daga gari. A faɗaɗa ta zuwa mita biyar, lungun da ya ƙare a bangon gidan wani ya ɓulle cikin na bayansa, hanyar da ko ɗan acaɓa bai taɓa bi ba. Ga kuma kuskuren da ba ya nuna kansa: layin kilomita goma da aka raba shida, kowace gaɓa takan gaji adadin tsawon asali, jimilla ta koma sittin in ba a sake aunawa ba. A lungunan kuwa, hoton sama ba ya bambanta zaure mai rufi da hanyar wucewa, dole mai taswira ya tako da ƙafa ko ya tambayi mai unguwa.