Tseren motoci a Amurka: hatsari biyu a rana iri ɗaya

A kudancin ƙasar Amurka akwai wani wasa da ke tara mutane fiye da babbar kasuwa, shi ne tseren motoci. Motocin da ake yinsa da su, in ka hange su sai ka ce motar gida ce. Amma kama ce kawai. Cikinsu an kewaye shi da sandunan ƙarfe, kujera ɗaya ce, ƙofa kuma ba ta buɗuwa, ta taga direba ke shiga.

Wasan yana da asali mai ban mamaki. Da yawa cikin direbobin farko masu safarar giya ne wadda ake dafawa a ɓoye. Suna ƙara wa motocinsu ƙarfi don su tsere wa ƴan sanda da dare, ranar hutu kuma su gwada wa ya fi wani. A 1948 wani makanike mai suna Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a garin Daitona, jihar Fulorida, aka sa wa abin doka. Babban tserensu a can ake yinsa cikin watan Fabrairu. Filin kewayayye ne, tsawonsa kilomita 4, ana zagaya shi sau 200. Kilomita 805 ke nan, ya fi nisan Yamai zuwa Maraɗi. Motoci wajen 40 ne ke tashi tare, jiki da jiki, suna gudun kusan kilomita 300 a awa.

Kowane ɗan kallo yana da direbansa, yana da lambar motarsa, sau da yawa gurin ubansa ya gada. Kuma a faɗi gaskiya, ba gudun kaɗai suke zuwa gani ba. Gaba tsakanin direbobi da karon motoci, su ne gishirin abin.

Ranar lahadi 18 ga Fabrairu 1979, gidan telebijin na CBS ya nuna tseren Daitona kai tsaye tun daga farko har ƙarshe. Ranan nan ƙanƙara ta rufe gabashin ƙasar, miliyoyin mutane sun makale a gida gaban telebijin. A zagaye na ƙarshe Donnie Allison ne a gaba, Cale Yarborough na manne da shi. Cale ya zaro ta hagu zai wuce, Donnie ya tare. Ƙafafun motar Cale suka taka jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta ƙwace, ta bugi ta Donnie. Suka yi ta gogayya, ba wanda ya ɗaga ƙafa, har suka daki bango tare, suka gangaro cikin fili. Richard Petty mai lamba 43, wanda ake kira Sarki, yana can baya da nisa, bai ma sa rai ba. Ya zo ya wuce su, ya ci Daitona karo na 6.

Abin bai tsaya nan ba. Bobby Allison, wan Donnie, ya tsai da motarsa gurin. Magana ta yi zafi, Cale ya ƙwaɗa masa hular kwano a fuska, Bobby ya fito, dambe ya kaure cikin taɓo, duk ƙasa tana kallo. An ci su tara, amma wannan faɗan shi ya kai wasan gidajen da ba su taɓa jin labarinsa ba. Har yau tsofaffin ƴan kallo suna gardama. Mutanen Allison na cewa wanda ke gaba yana da ikon tare hanyarsa. Mutanen Cale na cewa tarewa daban, tura mutum cikin ciyawa daban.

Cikin tseren nan akwai wani sabon direba ɗan shekara 27 da ya zo na 8, ba a damu da shi ba sosai. Sunansa Dale Earnhardt. Shi ne daga baya ya zama mai baƙar Chevrolet lamba 3, ya ɗauki kambin shekara sau 7, daidai da Petty. Dabararsa kowa ya san ta: in ba ka kauce ba, zai zungure ka ta baya. A 1999 a filin Bristol ya juya motar Terry Labonte a zagaye na ƙarshe, ya ci, jama'a suka yi ta yi masa ihu. Masu sonsa na cewa haka namiji ke tuƙi. Masu ƙinsa na cewa mugu ne. Dukansu dai saboda shi suke sayen tikiti.

A shekarar 2000 direbobi uku suka mutu a tseren NASCAR: Adam Petty, jikan Sarki, ɗan shekara 19, da Kenny Irwin, da Tony Roper. Duka ciwo ɗaya, karayar gindin ƙoƙon kai. Ga yadda abin ke faruwa. In mota ta daki bango ta tsaya nan take, ɗamara tana riƙe jikin direba a kujera, amma kai da nauyin hular kwano sai ya fizgu gaba, ba abin da ke riƙe shi sai wuya. Maganin yana nan tun lokacin: wani abu mai kama da karkiya, ana ce masa HANS, yana zama a kafaɗu, a ɗaure shi da hula. Direbobi da yawa sun ƙi shi, wai yana takura. Earnhardt yana cikinsu. Ko hular da yake sawa ba mai rufe fuska ba ce.

Ranar lahadi 18 ga Fabrairu 2001, shekara 22 daidai bayan damben, an sake taruwa a Daitona. Ana kusa da ƙarshe motoci fiye da 15 suka yi karo, ta Tony Stewart ta tashi sama ta yi ta juyawa. Wanda ya gani ya ce an yi gawa, amma Stewart ya rayu. A zagaye na ƙarshe Michael Waltrip na gaba, ɗan Earnhardt na biye, motocin biyu kuma na kamfaninsa ne. Shi yana na uku, yana tare na baya. A kwanar ƙarshe motar Sterling Marlin ta ɗan shafi tasa, ta baude, ta haura ta daki bango da goshi, ta Ken Schrader ta same ta a gefe. Ba juyawa, ba wuta. Ƴan kallo sun ga abin da ya fi wannan sau ɗari, hankalinsu yana gurin Waltrip da ya ci. Da yamma aka ba da sanarwa Earnhardt ya mutu, yana da shekara 49. Ciwon nan dai ne na gindin kai.

Waɗansu magoya baya suka ɗora wa Marlin laifi, har da wasiƙun barazanar kisa. Abin kunya ne, domin irin wannan shafa ita ce mamacin ya yi shekaru yana yi wa wasu ana tafa masa. Sai da ɗan Earnhardt ya fito ya kare Marlin.

A watan Oktoba 2001 NASCAR ta tilasta wa direbobi sa abin riƙe kai. Bayan haka aka shiga lulluɓe bangayen filaye da shingen ƙarfe mai soso a baya, wanda ke shanye bugu. A Fabrairu 2020, a Daitona, a zagaye na ƙarshe kuma, motar Ryan Newman ta daki bango ta kife, wata ta same ta gefen direba, ta ja a kan rufinta tana tartsatsi. Filin ya yi tsit. Bayan kwana biyu Newman ya fito daga gidan likita da ƙafafunsa, yana riƙe da hannun ɗiyansa mata biyu.