Ingarma da Jaki a Jakar Ɗalibi

Da sunan ɗan yayata ya fito cikin waɗanda Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta ɗauka, mahaifinsa ya sayar da buhunan wake da wani maraƙi da ya daɗe yana kiwo a Babban Duhu, ya damƙa mini kuɗin ya ce in saya wa yaron kwamfutar tafi-da-gidanka, tunda ni ake ganin na san kan abin. Ban gama ƙirga kuɗin ba yaro ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp. Duk baƙaƙe ne masu kauri, madannansu na walƙiya ja da kore kamar fitilun gidan biki.

"Kawu, irin wannan nake so," in ji shi. "Ita ce mai ƙarfi. Ba abin da ba ta ɗauka."

Bai faɗi ƙarya ba, kuma gara a fara ba mai ƙarfin haƙƙinta. Kwamfutocin da aka ƙera don wasan gem, irin su Lenovo Legion da ASUS ROG da HP Omen da Acer Nitro, suna ɗauke da wani kati na daban mai sarrafa hoto, galibi na kamfanin Nvidia, wanda 'yan kasuwa ke kira girafik. Aikinsa zana hoto mai motsi sau sittin ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin da ke sa ɗan wasa ya ruga da ƙwallo ba tare da hoton ya tsinke ba, shi ne dai ke juya zanen bene a manhajar Revit, shi ne ke harhaɗa bidiyon biki a Premiere Pro cikin mintoci maimakon sa'o'i. Tana kuma da wani alheri da ba a cika faɗa ba: ana iya kwance ƙusoshin bayanta a ƙara mata RAM ko ma'ajiya. Siraran kuwa da yawansu an liƙe musu RAM ɗin a jikin allon ciki, yadda ka saye su haka za ku tsufa tare.

Sai dai duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san sayensa ne mai sauƙi. Dawa da harawa da kanwa na kullum su ke tona asirin mai shi. Abincin kwamfuta wuta ne, kuma a nan ne bambancin biyun ya fi fitowa fili. Ɗauki cajar kowacce ka juya bayanta ka karanta. Ta mai gem za ka ga wat 170 ko 230, wasu har 330, ita kanta cajar ta kusa rabin bulo. Ta siririya wat 65 ne ko 45, ta MacBook Air ɗin da Apple ya fitar a ƙarshen 2020 ma wat 30 ce kacal, kuma bakinta irin na wayoyin yanzu ne, har babban fawa-banki na iya ciyar da ita.

Wani zai ce ai mai gem ɗin ma tana da batir. Tana da shi, amma akwai iyakar da ba ya wucewa. Dokar jiragen sama ba ta barin fasinja ya shiga da batirin da ya haura ma'aunin wat 100 na sa'a guda sai da izini, shi ya sa manyan kamfanoni ke tsayawa a 99 da 'yan kai. To, na'urar da ke zuƙar wat 150 in wasa ya yi zafi, yaushe wannan batir zai kai ta sa'a ɗaya? Masu ƙera ta sun san haka, sai suka tsara ta yadda da zarar an zare ta daga soket za ta rage wa kanta ƙarfi. Wato ƙarfin nan da aka biya kuɗinsa a jikin bango yake zaune. An ɗauke wuta, ingarma ya koma tafiyar jaki, ga shi cinsa bai koma na jaki ba.

Na yi wa yaron lissafi a bayan takardar shaidar ɗaukarsa. Batirin sola na ruwa mai lamba 100, irin wanda ake gani a shagunan caji, a rubuce yana ɗaukar ma'auni 1,200, amma mai son ya daɗe ba ya shan fiye da rabi. Saura 600. Mai gem tana cikin aiki za ta lashe wannan a sa'a huɗu. Siririya da ake rubutu da karatu a kanta, wadda ba ta cika wuce wat 15 ba, za ta yi sa'a arba'in a kan batirin nan. Ya ce ai akwai janareta. Akwai, amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. A Oktoban 2024 ɗin nan ne manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da Katsina da maƙwabtansu suka shafe fiye da mako guda ba ko ƙyalli. Wancan a birane ke nan. Abokan yaron kan zolaye shi da sunan garinsu, Babban Duhu, in an zo maganar wuta, shi kuma ya ce musu duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Bayan wuta sai ƙura. Mai gem fanka biyu gare ta, suna zuƙo iska ta ƙasa su fesar ta baya, da ƙara kamar ƙaramin injin markaɗe. A ɗakin da ke da na'urar sanyaya iska wannan ba komai ba ne. A hunturun ƙasar Katsina kuwa, abin da take zuƙa rabinsa gari ne, yana taruwa a haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi har ya zama kamar auduga. Ga ɗalibi ba tebur gare shi ba, a kan katifa yake ɗora ta, ya toshe mata hanci. Sai bazara ta shigo, zafin gari ya haura digiri 40, cikin na'urar ya doshi 90 da wani abu, ita da kanta ta ja birki don kada ta ƙone. Mai irin wannan kwamfuta dole ya saba da kai ta a buɗe a kakkaɓe. Siririya ma tana da fanka, amma ƙarama ce kuma ba kullum take tashi ba. MacBook Air ɗin da na ambata ba ta da ita sam, ko da yake in ka ɗora mata aiki mai nauyi na dogon lokaci ita ma sai ta sassauta.

Maganar nauyi ba na son in yi mata ƙari. Mai gem da cajarta kilo uku ne ko fiye kaɗan, siririya kilo ɗaya da 'yan kai. Yaron da ya tashi yana ɗaukar damin gero a ka ba kilo uku ne zai karya shi ba. Abin da ya dame ni girman jakar ne da idon mutane. Daga ƙauye zai hau babur zuwa Safana, daga nan ya nemi mota zuwa Dutsin-Ma, a yankin da ke jingine da Dajin Rugu, inda aka yi shekaru matafiyi na fita gabansa na faɗuwa. Siririya tana shigewa tsakanin littattafai ba wanda ya san da ita. A makaranta ma, wadda ta yi maka nauyin ɗauka zuwa aji ita za ka bari a ɗaki, kuma abin da aka bari a ɗakin ɗalibai Allah ne kawai ke gadinsa.

Su kansu wasannin sai da intanet. Manyan gem na yanzu ɗaya kan ci gigabait 50 zuwa 100 kafin a fara buga shi, kuma ba a daɗewa zai nemi a sabunta. Mutanen Batsari da Safana da Dutsin-Ma ba su manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar tsaro, sai a Disamba aka fara maidowa. Ko yanzu da sabis ɗin yake nan, kuɗin data bai bar ɗalibi ya yi wannan facaka ba. Shi ya sa wasan samarinmu a waya yake, Free Fire da Call of Duty, in kuma ƙwallo ake so a je shagon mai PlayStation a biya 'yan canji a buga a tashi.

Kuɗin saye kuwa ba sai an ja magana ba. Sabuwar mai gem ta tsaka-tsaki takan kai dala dubu. Da dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan ya zama miliyan ɗaya da rabi, kusan albashin shekara biyu na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na 70,000. Maraƙi da wake ba su kai nan ba, sai dai ta hannu, kuma mai gem ta hannu ba ka san irin wutar da ta sha a hannun mai ita na farko ba.

Kada a ɗauka siririya ba ta da nata aibin. Fuskarta ƙarama ce, mai doguwar takardar Excel zai sha matse ido. Ramukan jikinta kaɗan ne, wata sai an saya mata 'yar mahaɗa kafin ta karɓi filash ko majigi. In MacBook ce, gyaranta ba a kowane gari ba, kayanta da tsada, kuma Revit da ArcGIS Pro ba su da na Mac, na Windows kaɗai ake yi. In kuma ta hannu ce irin su HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad da suka cika kasuwa, abin dubawa na farko batir ne, don siririyar da batirinta ya mutu ta rasa dalilin sayenta gaba ɗaya. Na biyu shekarunta. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ya hawa furosesar Intel da ba ta kai zubi na takwas ba. Mai saye ya tambayi zubin, kada ya tsaya a jin an ce Core i7 ce.

Akwai wanda in ya tambaye ni zan ce ya sayi mai ƙarfin ba tare da na yi jinkiri ba: ɗalibin zanen gine-gine ko injiniya da ya kai ajin da ake juya zane mai kusurwa uku, da mai ɗaukar bidiyon biki da suna wanda kowace sa'a da na'ura ta rage masa kuɗi ce a aljihunsa. Wannan dokinsa na ciyar da kansa. Ko shi ma, in a shago ɗaya yake zaune, sai in ce ya duba ta tebur, don ta fi araha a ƙarfi iri ɗaya, ta fi shan iska, ta fi sauƙin gyara. Ɗan yayata fa tsangayar noma aka ba shi. Abin da ke gabansa na shekaru rubutu ne a Word, lissafi a Excel da SPSS, karanta takardun malamai, sai ranar kare aikin ƙarshe ya haska PowerPoint. Ba ɗaya a ciki da zai sa katin Nvidia ya ko motsa.

Muka tafi Kano, titin Beirut, muka zaɓi wata ta hannu mai inci 14, Core i5 zubi na takwas. Na sa aka ƙara mata RAM zuwa 16, aka canza batir a gabanmu, canjin da ya rage muka sayi fawa-banki mai iya cajinta da jaka marar ado. A mota yaro bai ce mini uffan ba har muka wuce Bichi. Wajen Gidan Mutum Ɗaya ne ya buɗe baki.

"Kawu, amma dai tana ɗaukar ƙwallo ko?"

Na ce ya gwada tsofaffin. Da ya zo hutun farko na tarar ya saka mata wata tsohuwar PES, ya rage kyan hoton har ƙasa, 'yan wasan na ɗan tsinkewa in an kai hari gaban raga. Ƙannensa huɗu sun kewaye shi a zaure bayan isha'i, ba wuta a garin, hasken fuskarta kaɗai ke haska su. Da ya ajiye wayarsa a tabarma na ga hoton waccan baƙar mai jan madannai har yanzu shi ne a fuskar wayar.