Za Ka Tafi Ingila Da Magenka? Fara Shiri Tun Saura Wata Biyar

Jama'a, ba ranar tafiya ake neman takardun dabba ba. Daga Najeriya, ga yadda abin yake bi da bi:

1. Likitan dabbobi zai sa mata ɗan cif mai lamba a ƙarƙashin fata, girmansa kamar ƙwayar shinkafa.
2. Sai allurar rigakafin haukan kare, in ta kai sati 12 da haihuwa. In allura ta riga cif, to fa sai an sake ta.
3. Bayan kwana 30, a ɗebi jini a kai ɗakin gwajin da Ingila ta amince da shi.
4. In gwajin ya yi kyau, a jira wata 3 daga ranar ɗiban jinin.
5. Takardar lafiya kwana 10 kacal take yi, kar ka karɓa da wuri. Haɗa da izinin fitarwa, jami'an NAQS za su duba a filin jirgi.

Ka tsallake ɗaya, za a iya killace ta har wata 4, kuma daga aljihunka.

Masu aku da tantabaru, naku daban ne saboda murar tsuntsaye.