Gwajin da aka yi wa yara 123 a Jos ya sauya yadda ake maganin gwame

Shekaru da dama littattafan koyar da likitanci sun tsaya a kan cewa laushin ƙashi a jikin yara, wanda ke haifar da gwame ko ƙafar baka, ƙarancin bitamin D ne ke kawo shi. An gina wannan fahimta ne a biranen masana'antu na Ingila da makwabtanta, inda hayaƙi da hunturu ke tare rana, domin kuwa fatar mutum daga hasken rana take sarrafa wannan bitamin. Sai dai a Jos rana ba ta yi wa kowa rowa, amma duk da haka iyaye na ta kai yara masu karkatattun ƙafafu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos.

Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa, ciki har da Philip Fischer da Christian Isichei da John Pettifor na Afirka ta Kudu, sun yi zargin cewa kalsiyam ne yaran suka rasa, tunda tuwon masara ya fi yawa a abincinsu, madara kuwa sai jefi-jefi. Zargi kaɗai ba ya sauya takardar magani, don haka suka tsara gwaji.

Sun ɗauki yara 123 masu cutar, suka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya ya samu allurar bitamin D, na biyu kalsiyam miligiram 1,000 kowace rana, na uku kuma duka biyun, tsawon makonni 24. Ƙuri'ar ita ce ginshiƙin aikin. Da likita ne ke zaɓa, yana iya tura yaran da suka fi jin jiki ga maganin da ya fi yarda da shi, ko da bai yi niyya ba, sakamakon ya gurɓace tun daga tushe. Haka nan iyaye da masu duba yaran ba su san wane magani kowane yaro ke karɓa ba. Ba a kuma ware wani rukuni da aka bari babu magani ba.

Ma'aunin warkewa ma bai dogara da ganin ido ko godiyar uwa ba. Sai hoton ƙashi ya nuna gyaruwa kusan gaba ɗaya, sannan wani sinadarin jini da ke hauhawa saboda cutar ya sauko. A rukunin kalsiyam kashi 61 cikin ɗari suka kai wannan matsayi, a rukunin haɗin kashi 58, a rukunin bitamin D kaɗai kuwa kashi 19. Mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon a 1999.

Akwai wani ɓangare da ba kasafai ake ambata ba. Masu binciken sun kwatanta yaran da wasu 123 masu lafiya, sai ga shi su ma kimanin miligiram 200 na kalsiyam suke samu a rana, daidai da marasa lafiyar. Wato ƙarancin kalsiyam ba shi ne dukan labarin ba, kuma ba don an sa rukunin kwatancen ba, da an yi gaggawar cewa an gano komai.

Ga jami'in da rahotannin bincike ke biyowa ta teburinsa a Abuja, abin dubawa a nan a fili yake: yadda aka raba mahalarta, wa ya san abin da aka ba wa, da me aka auna nasara. Sai batun yardar iyaye, wanda gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya mayar da shi abin da ba a wasa da shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa gindin zama a doka.

Daga baya masu binciken na Jos sun gwada garin farar ƙasa da niƙaƙƙen busasshen kifi a matsayin kalsiyam mai araha, kuma mafi yawan yaran sun warke da kowannensu. A 2016 matsayar da masana na duniya suka fitar kan cutar ta ce yaron da ya haura shekara ɗaya, idan kalsiyam ɗin da yake samu bai kai miligiram 300 a rana ba, yana cikin haɗarin kamuwa.