Warin gas da garwashin kasko

A Maradun, idan hunturu ya kankama, iskar da ke busowa daga dam ɗin Bakolori ta fara tsaga leɓe, iyayenmu mata kan cika kasko da garwashi, su jira hayaƙi ya ɗauke, su shigar da shi ɗaki, su toshe taga da tsumma. Da yawansu kuma ba sa yarda tukunyar gas ta kwana a gidansu, wai warinta guba ce mai shiga jini. Ina girmama wannan tsoron, domin ƙaunar 'ya'ya ce ta haife shi. Sai dai, iyaye, an ɗora shi a inda bai dace ba.

A cikin jan jinin mutum akwai ƙwayoyin ƙarfe, su ke ɗaukar iskar numfashi su rarraba wa jiki. Gas ɗin girki da danginsa riƙon sakainar kashi suke yi wa ƙarfe: su taɓa, su saki nan take. Raunin riƙon ya kai ga masana sun yi shekaru suna neman ganinsa ƙuru-ƙuru. A 2012 Andrew Weller da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka kama wani ɗan wannan dangi manne da ƙarfen rodiyom, kuma sai da suka kulle shi cikin daskararren sinadari. Da aka narkar, ya saki.

Garwashi kuwa, ko ya yi jajir ba hayaƙi, yana fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da wari ko launi. Ita tana damƙe ƙarfen jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Yaro ya ce kansa na ciwo, a ce sanyi ne, ya kwanta. Ya kwanta, barci ya yi nauyi, wani lokaci ba a farkawa. Janareton da aka tayar a zaure ma ita yake fesowa.

Gas na da nasa haɗarin, babbansa gobara. Ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye yakan kwanta a ƙasan ɗaki yana jiran ashana. Warin nan da gangan ake zuba masa don a farga da wuri. In kun ji shi, ku buɗe ƙofa, kada a kunna komai.

Don Allah, Inna, a fitar da kasko tsakar gida kafin a kwanta.