Ƙananan Motocin Japan na Zubin Tutiya

A shekarar 1970 ne kamfanin Tomy na ƙasar Japan ya fito da ƙananan motocin nan da ake kira Tomica, sabili da a wancan zamani galibin motocin wasan da ke hannun yaran ƙasar daga Ingila da Amurka ake kawo su, alhali kuwa waɗanda ke wucewa ta ƙofar gidajensu na Toyota ne da Nissan. Da guda shida aka soma, har da Toyota 2000GT da Fairlady Z, kuma har yanzu al'adar kamfanin ce ya fitar da sababbi ranar Asabar ta uku a kowane wata.

Sannu a hankali lamarin ya wuce hannun yara ya koma ga manya ma'abota sha'awa, waɗanda dominsu ne ake yin irin su Tomica Limited Vintage da Mini GT da Inno64 bisa ma'auni ɗaya tabbatacce, watau a raba tsawon motar gaske gida 64 a ɗauki ɗaya, ta yadda mai tsawon mita huɗu da rabi za ta dawo kimanin santimita bakwai. Tutiya ake narkawa, a gauraya ta da ɗan alminiyam, a ɗura cikin mazubin ƙarfe da matsi mai tsanani, kana a goge, a yi fenti. Wanda ya ɗora ƙaramar Nissan Skyline GT-R a tafin hannunsa zai ga fitilun baya huɗu masu da'ira, da tayoyin roba da zanensu, in kuma ya leƙa ta gilashi ya tarar da sitiyari a dama, kamar yadda ake tuƙi a Japan.

Dalilin da ya sa zukata suka raja'a ga waɗannan motoci yana cikin tarihinsu. Daga wajen 1989 zuwa 2004 kamfanonin Japan sun yi ittifaƙi a tsakaninsu kada su shelanta ƙarfin inji fiye da doki 280, amma injiniyoyinsu, da yake hikima ba ta yarda a ɗaure ta, suka ƙera injuna masu iya ɗaukar abin da ya zarce haka nesa, irin na Skyline da Toyota Supra, suka bar wa kanikawa sararin ƙari. Skyline GT-R ta ƙarshe a wannan silsila, wadda ake kira R34, an yi ta daga 1999 zuwa 2002, kuma dokar Amurka ba ta halatta shigar da irinta sai ta cika shekara 25, wanda ya sa a 2024 ne ƙofa ta fara buɗewa, farashi kuwa ya riga ya fi ƙarfin mafi yawan masu ƙaunarta.

A ganina, mafi daraja cikin sababbin su ne waɗanda ke kwaikwayon aikin masu gyaran mota na titi, mutanen da ke sauke mota har ta kusa shafar ƙasa, su faɗaɗa kafaɗunta bisa tayoyi su ɗaure da ƙusoshi a bayyane, su ja salansa ta miƙe sama. Wataru Kato na kamfanin Liberty Walk ya shahara a wannan fanni, ana kuma baje irin ayyukan kowace Janairu a bikin Tokyo Auto Salon da ke Chiba. Irin wannan mota sau da yawa ɗaya ce tak a duniya, gobe tana iya yin hatsari ko mai ita ya sauya mata kama, sai ƙaramar ta zama ita ce hujjar da ta rage cewa wani mai basira ya taɓa yin wannan aiki. Duk wanda kuwa ya taɓa ƙera motar kara yana yaro ya san irin lurar da ake bukata kafin siffa ta fito daidai.

Abin da nake ƙi kawai shi ne yadda ake taƙaita adadin wasu da gangan, har 'yan kasuwa su saye su ɓoye su ninka kuɗi, wanda ke jefa mai sha'awa cikin israfi. Cikin masu ƙera ƙananan motoci kuwa akwai Jun Imai, wanda ya daɗe yana zana wa Hot Wheels motocin wasa, yanzu kuma yana fitar da nasa da sunan Kaido House tare da Mini GT, kuma Datsun 510 ce ya fi shahara da ita, wadda ake ɗaga murfinta a ga inji a ciki.