Magatakardan Sirri na Fadar Alƙahira

A zamanin sarakunan Mamluk, wasiƙun sarauta daga Diwanul Insha'i suke fita, wato ofishin magatakardan fadar Alƙahira, ƙarƙashin wani babban jami'i da ake kira Katibus Sirri. Kyan hannu da balaga ba su isa a nan ba. Ana iya tare manzo tsakanin Masar da Sham, don haka dole magatakarda ya iya rubutun da in ya faɗa hannun magabci ba zai amfane shi da komai ba.

Ahmad al-Ƙalƙashandi ya shiga wannan ofis a 1389, a 1412 kuma ya kammala Subhul A'asha, kundin sana'ar mai juzu'i 14. A cikinsa ne aka adana wasiƙar da Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aika wa Sarki Barƙuƙ na Masar. Babin ɓoye rubutu kuwa daga Ibnu Duraihim ya ɗauko shi, mutumin Mosil da aka haifa a 1312.

Dabarun suna da yawa. Wani ya rubuta da ruwan albasa, takarda ta bushe fes, sai an kanga ta a wuta baƙaƙe su fito. Wani ya juya kalma baibai, kamar yadda ake yi a zaurance. Wani ya musanya kowane harafi da wata alama, ko da lambarsa ta hisabi: alif 1, ba 2, jim 3.

Amma gwani shi ne mai kwance abin da wani ya ƙulla ba tare da mabuɗi ba. Zai baje takardar, ya fara gano alamar da ke raba kalmomi, sannan ya ƙirga sau nawa kowace alama ta fito. A Larabci alif ya fi kowane harafi yawa, lam na biye da shi. In alamu biyu suka yi ta zuwa tare a goshin kalmomi, to ga "al" nan. Daga nan sai ya koma kan gajerun kalmomi, yana gwadawa yana gogewa, har zance ya miƙe. Wani masani mai suna Al-Kindi ne ya fara rubuta wannan hanya ta ƙirge a Bagadaza tun ƙarni na 9. Kowane harshe yana da halinsa, hali kuwa zanen dutse ne, sauya alama ba ya kankare shi.

Wannan kafa ta ƙirgen haruffa ce masu sana'ar a yau suka toshe. Lissafin da ke kulle hada-hadar banki, da saƙonnin WhatsApp tun 2016, yana dagula rubutu ta yadda ƙirga haruffa ba ya fitar da komai. Shi ya sa ɗan damfara bai damu da fasa kullin ba. Waya zai bugo maka, ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambobin sirrinka da bakinka.